Ba Ajiyar Wata Biyu Ba Ce

Litinin, 3 ga Maris

Gobe za a yi mini aikin ido. Likita ya ce wata biyu ba ni ba babur. Wata biyu! Ni da ko allura zan saya a kansa nake zuwa. To ya na iya.

Na kira Dogo bakanike, abokina tun muna samari, na ce ya ajiye mini shi a ɗakin shirgi. Na faɗa masa yadda nake so: a cika tanki taf don kada tsatsa ta samu wuri, a kafe shi a ƙafa biyu, a lulluɓe da tamfol, babban ɗana ya riƙa tayar da shi duk mako ya yi ɗumi. Ya ce, "An gama, mutumina." Yau ko tsokanata bai yi ba. Tausayi ne, ina jin.

Lambu ne damuwata. Tumatir ya fara fure, tafiyar kuma ba ta ƙafa ba ce.

Laraba, 12 ga Maris

An cire bandeji. Rubutuna kamar na ɗan aji ɗaya, amma ina gani. Alhamdu lillahi.

Alhamis, 20 ga Maris

Zama ya ishe ni. Na tambayi Babba, babban ɗan nawa, ko yana tayar da babur, ya ce, "Ana yi, Baba." Ana yi! Bango ɗaya ne tsakanina da ɗakin shirgi, kuma ko tari babur ɗin nan ya yi a cikin dubu zan gane shi. Ban ji komai ba. Uwar yara ta ce wai lokacin ina barci ne. Auta kuwa sai ta tashi wai ta bar ruwa a wuta.

Asabar, 5 ga Afrilu

Duk sun fita dubiya. Na ɗauki mabuɗi na shiga ɗakin shirgi, don dai in shafa shi kawai.

Na ɗaga tamfol, na girgiza tanki. Wayam. Na sa yatsa, ba fetur, sai santsin baƙin mai da aka shafe cikinsa da shi. Batir babu. An kwance fulogi an ɗiga mai a ramin an mayar. An toshe salansa da tsumma. An ɗora shi a kan katako, tayoyin biyu suna lilo, an rage musu iska. Sarƙa ta sha giris kamar ba gobe, har wayoyin taya an bi ɗaya bayan ɗaya.

Aiki mai kyau, wallahi. Hannun Dogo ne, ba mai iya wannan sai shi. Na zauna a kan buhun gawayi. Ba wanda ke yi wa babur haka don wata biyu. Haka muka yi wa na yayana lokacin da ya shanye, ni da Dogon da hannunmu, mun san ba zai sake hawa ba.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Na tara su. Babba ya fara kame-kame, wai fetur ɗin yanzu ba ya ajiyuwa. Na ce, kai, ni za ka koya wa fetur? Auta ce ta fashe da kuka ta faɗa. Wai yanar da aka cire ba ita kaɗai ba ce, akwai wani ciwon da ya riga ya cinye ganina na gefe, kuma ba ya dawowa. Likita ya gaya musu a baranda tun kafin aiki. Ni ina ciki ina yi masa godiya kamar sakarai.

"Tsoron gaya maka muka ji, Baba."

Tsoro! Ba su ji tsoron yi mini ƙarya ba.

Na kalli uwar yara. Mun tsufa tare a ɗaki ɗaya, ita ke ɗiga mini magani a ido safe da yamma, tana ce mini saura kaɗan. Nata ya fi mini ciwo.

Talata, 8 ga Afrilu

Dogo ya zo. Ban ba shi wurin zama ba. Daga bakin ƙofa yake cewa, "Gara ka yi fushi da ni da in ɗauko ka a titi." Na ce da ɗan gari akan ci gari, ai sun san wanda za su kira. Ya ajiye lemo ya tafi. Na ba maƙwabta.

Talata, 15 ga Afrilu

Na samo batir a saman kabad, an naɗe shi da tsohon zanen gado. Na sayo fetur da kaina, na wanke tanki, na goge fulogi, na zare tsumman salansa. Tayoyin ne suka wahalar da ni, famfo ya tsufa kamar mai shi.

Ya tashi a bugu na ba-adadi, hayaƙi ya cika gida. Ba wanda ya fito. Su sani. Idona ne, babur ɗina ne.

Asabar, 26 ga Afrilu

Da hantsi na fito da shi tsakar gida, rana tar. Na duba ko'ina ban ga kowa ba, na ce madalla, ba mai yi mini wa'azi. Na hau, na gyara madubi, na tayar, na bar shi ya yi ɗumi. Ina shirin ɗaga ƙafa sai na ji an dafa mini hannun hagu.

Uwar yara ce. Hannunta ko miƙewa bai yi ba, tsabar kusa.

"Malam, tun da ka hau nake tsaye a nan."

Ba ta ce kada ka tafi ba. Ta sake ni, ta matsa, ta buɗe mini ƙofar gida da kanta. Yaran layi suna ta guje-guje a waje.

Na kashe. Na ce birki ne bai kama ba.

Juma'a, 2 ga Mayu

Ban yafe musu ba, a rubuta wannan. Dogo ma har yanzu gaisuwa kawai.

Tumatir ya nuna, rabi ya ruɓe a ƙasa, sauran mun tsince. Babba ne ya kai ni. Yaron nan bai iya tuƙi ba, yana cin kulochi, kuma duk ramin da ke hanya sai ya gaishe shi. Tun daga gida har lambu faɗa nake yi masa daga baya, yana cewa to, Baba. A kwanar gada na riƙe rigarsa, don dai yana gudu ne.

Mabuɗin babur ɗin yana wurinsa. Aro na ba shi. Sau biyu na faɗa masa aro ne.