Gibin da ke Gefen Silen Baba

Asabar, 1 ga Maris

Yau a taron ƙungiyar masu tara tsofaffin sulalla, Shugaba ya ɗauki silen da marigayi Baba ya bar mini, mai gibi a gefe, ya juya shi sau ɗaya tak, ya ce, "Hajiya, wannan ba kuskuren gidan buga kuɗi ba ne. Filaya ce ta cije shi." A gaban mutum goma sha huɗu! Mutumin da sai ya ɗora tabarau biyu kafin ya karanta sunansa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka goge gilashin tukuna." An yi dariya. Shi bai yi ba. Asabar mai zuwa za a sake dubawa, kuma daga nan za a san ko zan ci gaba da zama a kwamitin tantancewa.

Litinin, 3 ga Maris

Shekara ashirin ina nuna silen nan a matsayin kuskuren inji mai wuyar samu. Da shi na shiga ƙungiyar. Saboda shi na karanta littattafan da Shugaba ke tokare ƙofa da su.

Talata, 4 ga Maris

Na kasa zama. Na share falo sau biyu, na yi wa maigidan faɗa kan murfin biro.

Abin da nake koya wa sababbi ke nan: in tun daga inji aka gutsure gefe, gibin sumul yake, bakin da ke daura da shi ya kwanta, nauyi kuma ya ragu. In matsa shi aka yi, ƙarfen tattaruwa yake kamar leɓen mai fushi, nauyi yana nan cif. Sulallan mutane ɗari nawa na ɗora a sikeli? Wannan ban taɓa ba.

Laraba, 5 ga Maris

Sikelin yana kan tebur. Ina ta zagaye shi.

Alhamis, 6 ga Maris

Nauyi cif. Sau uku na auna.

Na kira Yaya a waya don in samu wanda zan huce a kansa. Dariya har da tari. "Au, wai har yanzu? Ni na matse shi ina ɗan shekara tara, na sha duka kuwa." Na ce Baba ya sani, ya bar ni ina ta zuba? "Ke, wa ya isa ya katse ki? Cewa ya yi a ƙyale ki, kin samu abin karantawa."

Na kashe wayar. Munafukai, har da marigayin, Allah Ya jiƙansa.

Asabar, 8 ga Maris

Tun kafin Shugaba ya buɗe baki na miƙe na faɗa da kaina cewa matse shi aka yi, har da nauyin. Ya ce kujerata tana nan, sannan ya turo mini wani sile nasa, murya ƙasa-ƙasa: "Auna mini wannan, ni tsoro nake ji."

Har yanzu ba ya gani da kyau. Amma na ce ya kawo sauran sulallansa.