Na Kai wa Lauyansu Jakar Jabu a Matsayin Gaisuwa

Anti Badiyya, don Allah ki ceci 'yarki.

Ni 'yar Agege ce, shekara huɗu ina sayar da jakunkunan mata a Instagram. Da shafin nan nake riƙe kaina da mahaifiyata tun rasuwar Baba, mutum dubu goma sha ɗaya ke bina. Wani Salissou ne ke kawo min kayan daga Kwatano, da tambarin wani kamfanin Italiya a jiki, kuma ya rantse min orijina ne. Ni ma dai na san rantsuwar kasuwa ce, amma tunda ya rantse sai nake rubuta orijina a ƙarƙashin kowane hoto, alhakin a wuyansa.

Makon jiya sai ga takarda daga lauyan kamfanin a Ikeja, shafi uku, zagi ne cikin ladabi da Turanci. Wai in sauke hotunan daga shafin, in miƙa sauran kayan, in faɗi mai kawo min, in sa hannu cewa na daina cikin kwana goma sha huɗu, in ba haka ba su sa a rufe shafin mu haɗu a kotu. Tun daga Italiya fa, Anti! Duk jakunkunan da ke shimfiɗe a kasuwar Oshodi ba su gani ba sai nawa.

Na kai kukana wurin kawuna Isiyaku, mahauci ne a abatuwa. Ya ce ba a amsa wa babban mutum da takarda, zuwa ake yi a ba da haƙuri, kuma ba a zuwa hannu rabbana. Muka hau motar danfo zuwa ofishin lauyan da kilishi mai kyau, ni kuma na zaɓi jakar da ta fi kowacce kyau na ce a kai wa madam ɗinsa. Lauyan ya tarbe mu da fara'a, ya mayar mana da kilishin, ya riƙe jakar, har ya sa na rubuta sunana da kwanan wata ya maƙala mata. Kawu ya ce alamar an haƙura ke nan, ni dai jikina bai ba ni ba. Wayar Salissou kuma a kashe. Saura kwana shida. In goge shafin in buɗe wani da sabon suna?

Mai Jakunkuna, Agege

'Yata, sannu da ƙoƙari. Wasu lauyoyin sai sun tura mutum ya sayi kaya a ɓoye kafin su sami shaida. Ke kin kai musu har ofis, da sa hannunki, kin kuma biya kuɗin mota. Ki gaishe min da Kawu, ki ce ya riƙe harkar nama, a can ya ƙware.

Kina da gaskiya, ba ke kaɗai ke sayarwa ba, kuma abin da ciwo a tsallake manya a kama mai neman na tuwo. Amma tambarin nasu ne, kuma ranar da kika fara rubuta orijina kin sani, Salissou ma ya san kin sani.

Yau ɗin nan ki sauke hotunan, kada ki sake sayar da ko ɗaya, kada ki ɓoye kayan gidan maƙwabta. Shafin kuwa ki bar shi. Sun riga sun ɗauki hoton komai, sabon suna zai nuna musu ba ki tuba ba ne kawai. Ki nemi lauyanki ya karanta takardar kafin ki ƙara sa hannu a wani abu, ya amsa musu a rubuce kafin wa'adin ya cika. Ki adana duk saƙonninki da Salissou. Sau da yawa abin da suke so shi ne a daina, kuma wanda ya daina da wuri yakan sami sassauci.

Saura mai ɗacin. Ki fito a shafin da bakinki ki gaya wa matan da suka yarda da ke abin da kika sayar musu. Za a zage ki, wasu za su tafi. Waɗanda suka tsaya su ne kasuwarki, kuma akwai maɗinkan fata a Mushin da za su yi miki jaka da sunanki a jiki.

Allah ya fitar da ke, ya bar miki shafinki, ya kai ki ranar da za ki buɗe saƙo gabanki bai faɗi ba.

Anti Badiyya