Reshen da Ban Yanke Ba

Zuwa ga hasken idona, sanyin ƙirjina, furen da ya buɗe a lambun da ban isa in mallaka ba, Malamar malamai, uwar 'yata, wadda ta bar ni da tukunya da bakin maƙwabta.

Gaisuwa mai yawa kamar ganyen damina. In kin ga kuskure a rubutuna ki kau da kai, kin san a aji biyu na sakandare almakashin lambu ya ƙwace mini alƙalami. Yau wata biyar da kwana tara ke nan da kika kwashe littattafanki kika koma ɗakin da wurin aikinku ya ba ki. Ni da malamin lissafi ya sallama, ga shi rashinki ya koya mini ƙirga.

Kin tuna ranar farko? Ina turo baro cike da rassan da na sare a harabar ofishinku, sai ga mace da farar rigar aiki ta tare ni, ta durƙusa tana tonon sharata. Na ce a raina, Allah sarki, ga kyau ga babu, ƙirare take nema ta hura wuta. Har na yi miki alkawarin itace mai kauri! Kika yi dariya sai da kika dafa baron. Kika ja ni ɗakin gwaji, kika sa reza a jikin wani reshe kika tsaga wani baƙin ɗigo da bai kai kan allura ba, kika ɗora a gilashi, kika ce in leƙa madubin nan mai ƙara girman abu. Wayyo ni! Na ga 'yar tukunya, cikinta jakunkuna, kowace jaka da 'ya'ya takwas a jere. Kika ce fumfuna ce, amma ba ta burodin da aka manta ba. Kowace da danginta da sunanta, ana gane ta da tsawon 'ya'yan, da launinsu, da yawan ɗakunan da ke cikin kowane ɗa. Ni kuwa ido ɗaya yana madubi, ɗayan yana kanki, kuma har gobe na san wanda ya fi ganin abin mamaki.

Shekara goma sha ɗaya ina riƙe miki jaka, ya ke raɓar asuba. Na koyi rubuta kwanan wata da sunan shuka a bayan ambulan ɗin da kike adana reshe a ciki. Abokaina suna ce mini mijin Malama, ina amsawa da haƙora a waje. Ashe garin neman gira zan rasa ido.

Ki bar ni in faɗi nawa, tunda ranar ba ki ba ni fili ba. Kin tafi taro na kwana uku. Na fito da safe na ga shukar nan mai jan fure ta bayan tagarmu da matattun rassa, kowanne an ɗaura masa jan zare. Malama, a sana'armu jan zare ma'anarsa ɗaya ce: sare wannan. Haka ubangidana ya koya mini tun ban fara gemu ba. Na ce kai, yau matata ta ba ni aikin da na fi ta iyawa! Na wasa almakashi, na datse su tas, na tara na cinna musu wuta, don reshe mai cuta ba a barinsa ya shafa wa 'yan'uwansa. Har wanka na yi na zauna bakin ƙofa ina jiran yabo.

Ina zan san cewa zarenki cewa yake kada a taɓa? Ina zan san damina biyu kina jiran ɗigon da ke jikin rassan nan su nuna, kina zaton iri ne da ba a taɓa ba shi suna ba, kuma masana ba sa karɓar suna sai an ajiye musu reshen da kansa? Kin faɗa wa littafinki, kin faɗa wa abokan aikinki, amma gadina, mai aikin lambun da ke kwana a gefenki, ba ki ga ya kai a faɗa masa ba.

Da kika dawo kika tsaya kan tokar, ba ki yi ihu ba. Da ma kin yi. Cewa kika yi, "Laifina ne da na zaci zama kusa da madubi zai sa makaho ya gani." Ya zumar da ta koma maɗaci a bakina! Almakashina bai taɓa yanka mai tsabta irin wannan ba. Ke da kike raba iri biyu saboda ɗaya ya fi ɗaya da abin da bai kai gashin ƙuda ba, ke da kike yini guda kafin ki yanke wa ɗigo hukunci, ni a minti ɗaya kika sa mini suna kika rufe ambulan. Ba ki tsaga ni kin duba cikina ba. Wane madubi ne ya nuna miki mugunta a wurin da wauta ce tsagwaronta da ƙauna?

'Yarki tana gaishe ki, ko da yake tana ganinki duk ƙarshen mako, abin da ubanta bai samu ba. Jiya ta ɗanɗana miyata ta ce, "Baba, a kai wa Mama ta duba mana ko wace iri ce wannan." Bakinki ta gado, Allah Ya shirye ku.

Tun ranar ban sake kai wa shukar nan ƙarfe ba. Ta yi gashi buya-buya, ta toshe taga, masu wucewa suna cewa ga gidan gadina kamar kango. Telan da ke kusa da mu kullum sai ya tambaye ni ko kura nake kiwo a ciki. Ina dariya, me zan yi?

To ga dalilin wasiƙar. Shekaranjiya na durƙusa ina cire ciyawa, sai na ga wani siririn reshe can ƙasa, jikin bango, wanda ya tsere wa almakashina. Ya bushe, kuma ɓawonsa ya tsattsage da baƙaƙen ɗigo a jere, na ƙirga goma sha bakwai. Ko naki ne, ko gama-gari ne da ke kan kowace shara, makaho ba zai sani ba. Ban yanke ba. Ban taɓa ba. Ban ɗaura masa zare kowane launi ba, na daina yarda da zare. Kujera na ajiye a gabansa ina korar awakin mutane.

Ki zo ki duba, farin watana. Na san in kin zo don reshen ne, ba don ni ba, kuma wannan ma na haɗiye shi. Ki zo da rezarki. In kin gama da shi, ga ni nan kusa, ban fi ƙarfin gilashi ba.

Kin taɓa gaya mini akwai fumfunar da ba ta rayuwa sai a kan shuka iri ɗaya tak, in an raba su ta mutu. In kina neman sunan da za ki rubuta a ambulan ɗina, a danginta za ki same ni.

Naki, kore ko busasshe,
Makahon da ke gadin reshenki.