Na Nemi Ido, An Ba Ni Randa

Haɗeja, daminar 1956

Zuwa ga Safara'u, farin bado na fadamar Guri, sanyin inuwa a tsakar bazara, wadda tunaninta ke tashe ni kafin ladan!

Kin tuna yammacin da muka zauna a bakin kogi, tsuntsayen dinya na sauka a fadama, Babanki yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi da lalube saboda yanar ido? Kika kau da kai kina share hawaye da bakin mayafi. Ni kuwa, mai wankin gyambo a asibitin En'e, na bugi ƙirji na ce zan je Kano in koyi aikin ido, in cire masa yanar da hannuna, sannan in kawo sadaki. Kaico da bakina!

Shekara nawa ke nan ina rubuta takardar neman shiga makarantar likita? Kowace shekara sabuwar takarda, sabon zaman jiran sa hannun Di'o, Baturen mulki. Wata shekara kogin nan namu ya cika ya yanke hanya, kafin in kai tashar jirgin Malam Madori an gama jarrabawa. Wata shekara aka ce Turancina bai nuna ba. Bana kuwa Bature ya dubi gemuna ya ce na tsufa. Gemun da ya tsiro a ƙofar ofishinsu!

Wai abin da ya rage mini ɗaya ne: duba-gari. Mai leƙa randunan mata, ya kifar da ruwan da suka sha wahalar ɗebowa, yara su watse, tsofaffi su raka shi da Allah ya isa. Na nemi ido, ya hasken raina, an ba ni randa!

Ummarki ta aiko cewa ba za a ƙara jirana ba bayan kaka, kuma ban ga laifinta ba, sa'o'inki duk suna goyo. In sake nema, in rasa ki? In riƙe ki, in saki idon Baba? Na karɓi aikin, Safara'u. Na karɓa, bakina kamar na tauna maɗaci, domin rashinki ya fi ƙarfina.

In kin gan ni a ƙofar gidanku da gajeren wandon kaki, kada ki ɓuya, kada ki yi dariya. Abu ɗaya nake roƙo: kada ki gaya wa Baba irin kayan da na sa. Shi dai ba zai gani ba.

Naki ke kaɗai, ko kogi ya cika ko ya ƙafe, har a mai da ni ƙasa,

Umara