An Fitar da Zakkar Gida

Rano, 9 ga Janairu, 1961

Zuwa ga Yaya Shitu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina ƙara yi maka ta'aziyyar ɗanka Manu. Allah ya sa mai ceto ne.

Jinin da na ɗiba naka da na matarka Barira na aika Kano, likita ya duba. Abin da ya ɗauke Manu amosanin jini ne, kuma gadonsa ake yi. Kai kana ɗauke da irinsa, ita ma haka, ko da yake lafiyarku ƙalau. Ba abin mamaki ba ne tunda kakanku ɗaya. Sai yaro ya ɗauko daga uwa da uba gaba ɗaya yake kamuwa. A lissafin likitoci, ɗaya cikin huɗu ne.

Na so in zo da kaina, amma ba mai riƙe mini asibiti. Ka huta lafiya.

Ƙaninka, Dalhatu

*

Kibiya, ranar kasuwa

Zuwa ga Malamin Asibiti,

Gaisuwa da fatan alheri. Ashe bokon nan naku yana da rana! Takardarka ta sanyaya mini zuciya.

Ka san tun bayan sadakar arba'in Barira ta koma gidansu a Dawaki, ta ce ta gaji da haifa wa ƙasa. Na je biko, Kawu, mahaifinta, ya ce ba zai tilasta mata ba. To jiya na koma da takardarka, na karanta musu. Na ce ai wannan zakka ce. Dami goma ne, ka fitar da ɗaya, tara sun zama naka halal. Mu namu ɗaya cikin huɗu ne, kuma an riga an karɓa. Saura uku lafiyayyu suna jiranmu.

Kawu ya yi kabbara. Barira ta yi kuka, ta ce, "In dai Malam Dalhatu ne ya faɗa, na yarda." Yau da hantsi ta dawo ɗakinta.

Ga daddawa nan ta ba Gwadabe mai keke ya kawo maka.

Yayanka, Shitu

*

Rano, 20 ga Janairu, 1961

Yaya,

Ina gaisuwa. Don girman Allah ka karanta wannan a natse, domin tsoro ya kama ni.

Ba zakka ba ce. Ɗauki ƙorai biyu, taka da ta Barira, kowace da ƙwayar wake biyu, fari da ja. Rufe ido ka zaro ɗaya nan, ɗaya can. In duka ja suka fito, ciwon ke nan. Amma kafin haihuwa ta gaba sai an mayar da waken cikin ƙorai. Ƙwarya ba ta san abin da aka zaro jiya ba. Sai an tara gidaje ɗari sannan ɗaya cikin huɗu ke bayyana. A gida guda, ana iya haifar biyar a tsira, ana iya jera uku masu ciwon. Na ga haka da idona a nan Rano.

Ban ce ku rabu ba, rai na Allah ne. Amma da sunana ta dawo. Ka karanta mata wannan ta zaɓa da saninta.

Dalhatu

*

Kibiya, bayan girbin dawa

Dalhatu,

Gaisuwa. Na san ka ji haushin shirun da na yi maka, da zamewar da na yi ranar da ka zo da damina. Takardar waken nan taka na karanta, na ajiye. Mace ta fara dariya bayan shekara guda tana kuka, ni zan je mata da ƙwarya? Ban iya ba.

Albishirinka, ta sauka lafiya, namiji, katafare da shi. Da kanta ta roƙa a sa masa sunanka, wai kai ka dawo da ita gidan nan. Muna kiransa Malam Ƙarami.

In za ka zo ganinsa, ka bar allurar ɗibar jininka a Rano. Kuma ka kama bakinka.

Shitu

*

Kibiya, farkon damina

Zuwa ga Malam Dalhatu,

Ina gaishe ka da aiki. Ni ce Barira, Maimuna 'yar maƙwabtanmu ke rubuta mini, maigida bai sani ba.

Takwaranka ya fara zama. Amma tun shekaranjiya bayan hannunsa da ƙafafunsa sun kumbura, ba ya yarda a taɓa shi. Zaren layar da ke hannunsa ma sai da muka yanke. Haka marigayi ya fara. Maigida ya ce cizon cinnaka ne, amma ya kasa cin tuwo, kuma ba ya kallon idona.

Ni dai na ce wa kaina ba ciwon nan ba ne, tunda ka ce mun riga mun biya. Don Allah ka rubuto ka sake faɗa mini, in ji daga bakinka.

Barira