Wanke Ta Tas

Unguwar Boro, Kaduna.

Zuwa ga Yaya Saratu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu. Ina fata kina lafiya, ke da yara da duk mutanen Mangu. Yaya ciwon gwiwar? Accar da kika aiko ta iso, Allah ya saka.

Ni ina nan yadda kika bar ni bayan jana'iza. Masu zuwa gaisuwa sun ɗauke ƙafa, gidan ya yi mini girma. Derrick ya koma makaranta, sai waya.

Kin tuna tsohuwar kwamfutar Baban Derrick, wadda aka ɗaure murfinta da salatif? Tun da aka rufe masaƙa ita ce abokiyar zamansa. Duk waƙar da ya tsara wa mawaƙan cocinmu tana ciki. Shi ba ya rubutawa, rerawa yake yi ya ɗauka, ya yi muryar mata, ya yi ta maza, har da gyaran makogwaro. Ran Lahadi in na dawo sujada nakan kunna ta in zauna tsinkar alayyafo. Wuri ɗaya na iya dannawa, shi ya nuna mini. Sai in ji kamar yana ɗaki, ni ina tsakar gida. Ban gaya wa kowa ba sai ke.

Derrick ya ce aikinsa na gama makaranta ba ya hawa kanta, wai Windos ɗin da ke tafiyar da ita ya tsufa, sai an sa sabo. Bai roƙe ni komai ba, cikin hira ya faɗa. Shi ne na ce bari in yi masa abin da ubansa zai yi. Jiya na sa ta a jakarta na hau Keke zuwa Kakuri, wurin wani mai gyara, Malam Zakariyya'u. Dattijo ne mai natsuwa, har kujera ya ba ni. Ya duba, ya ce ta tsufa amma za ta ɗauka, sai dai a wanke ta tukuna. Na ce ai ko ni na ga ƙura ta cika tsakanin maɓallan, ya wanke ta tas. Ya tambaye ni ko na kwashe kayana. Na ce na kwashe, don tun a gida na fitar da takardun asibiti da tabaran marigayi daga jakar.

Kada ki gaya wa Derrick in ya kira ki. So nake ya zo hutu ya tarar.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Miriam.

*

Yaya Saratu,

Ina gaishe ki. Ina fata kuna lafiya.

Na karɓo kwamfutar. Na kawo ta gida na kunna, ta buɗe da sauri kamar ba ita ba. Hotonmu na ranar baftismar Derrick da ke fitowa a fuskarta babu shi, sai shuɗin fili. Na nemi wurin da nake dannawa, babu. Na kashe na sake kunnawa. Na ɗauka ko don ba wuta ne, na jira NEPA ta kawo. Duk ɗaya.

Ko zani ban canja ba na koma Kakuri. Na ce wa Malam waƙoƙin mijina sun ɓuya, ya fito mini da su. Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya ce, "Mama, ai kin ce in wanke ta."

Yaya, ashe a bakinsu wankewa ba goge ƙura ba ce. Share duk abin da ke ciki ne, a bar ta kamar ranar da aka saye ta. Kayan da ya tambaya kuma ba na cikin jaka ba ne. Hausa ya yi mini, Hausa na amsa masa, kuma ba mu ji juna ba.

Na gaya masa ko waye mijina Benson, da abin da ke ciki. Mutumin nan ya cire hularsa ya riƙe kai, yana ta salati. Na so in yi masa faɗa, na rasa ta inda zan kama shi. Ya tambaya, ni ce na amsa. Maƙwabtan shagonsa suka taru, wani yana cewa ai da an sani da an juye a wani abu, wani yana cewa haƙuri. Na zauna a kan bencinsu kamar wadda aka kawo wa saƙon mutuwa, kuma wannan karon ba wanda zai zo gaisuwa.

Ya ce in bar masa ita, kada a ƙara kunnawa. Wai wani lokaci abin da aka share yana nan kwance a ƙasa, in sabon Windos bai hau kansa ba. Bai yi mini alkawari ba.

Na bi mawaƙan coci ɗaya bayan ɗaya. Suna da waƙoƙin a ka, wasu suna da bidiyon taro a waya, amma duk cikin taron murya ne da ganga, ba ka jin tasa. Vicky mai jan waƙa ta ce kada in damu, ba za su bar waƙoƙin su mutu ba. Na gode mata. Ba waƙoƙin nake nema ba.

Abin da ke ba ni tsoro, jiya ina wanke-wanke na so in tuno yadda yake kiran sunana, sai na ji muryar Fasto a maimakon tasa.

Ki sa ni a addu'a.

Miriam.

*

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga saƙonki, na gode da kika duba wayarki ko da ba ki sami muryar Baban Derrick a ciki ba. Yaya jikin?

Derrick ya zo. A tsaye na gaya masa, jakarsa ma tana kafaɗa. Ya shiga ɗakin uban ya rufe. Ashe shi bai taɓa sauraro ba tun rasuwar. Yana jira ne sai ranar da zuciyarsa za ta iya. Da ya fito ya ce in sa takalmi mu je.

Malam Zakariyya'u ya yi iya ƙoƙarinsa, idonsa ma ya nuna. Ya tono abubuwa da yawa, amma kusan duk a farfashe. Hoto rabi, rabi toka. Waƙa ka danna sai ƙara kamar ana yaga zani. Sabon Windos ya zauna a kansu. Guda ɗaya ce ta fito da murya, gajeriya ƙwarai. Ya sa mana, shi ya fita waje ya ba mu wuri.

Benson ya gyara murya, ya ja baiti bai kai ƙarshe ba. Ana jin daka a bayansa. Sai ya ce, "Maman Derrick, dakata da turmin nan mana, ina ɗaukar waƙa."

Sai ga muryata daga tsakar gida, da ƙarfi, ba ko ladabi: "Waƙar za ka ci da daddare?"

Ya yi dariya. Dariyar nan tasa da ke ƙarewa da tari. A nan ta yanke.

Shi ke nan abin da ya rage mini na shekarun da muka yi, Yaya. Rabin baiti, da ni ina yi masa tsawa.

A hanya na roƙi Derrick, tunda ya iya, ya yanke wurin maganata ya bar mini ta ubansa kawai. Ya ƙi. Na sake roƙonsa a gida, har da kuka. Ya ce, "Mama, in na cire ki, me zai sa shi dariya?"

Ya juye ta a wayata da tasa, ya ce zai turo miki, a ajiye a wuri uku. In ta iso kada ki kunna a gaban yara. Kuma kada ki kira ni ki ce ba komai. Ki saurara kawai, ki gaya mini ko ke ma kin ji ba fushi ya yi ba.

Ki gaida mutanen gida duka. Allah ya tsare.

Taki har kullum,
Miriam.