Ƙyallen da Na Lulluɓa wa Na'ura

Litinin, 3 ga Maris
Yau masu bincike daga jami'a suka liƙa wata 'yar na'ura a saman ƙofar falo, suka ɗaura mini abin hannu mai maɓallin kiran taimako. Wai tana lura da motsina, in ta ji shiru sai ta aika saƙo wayar 'yata Auta. Wata uku za a gwada. In an ga zan iya zama ni kaɗai, a bar ni a ɗakina. In ba haka ba, Auta ta kwashe ni zuwa gidanta, hawa na huɗu, inda ba mai leƙo ka.

Shugabarsu, mai tabarau, ta ba ni littafi in riƙa rubuta yadda nake ji. Ban gaya mata sai da na haura hamsin na koyi riƙe biro ba. Nasu daban, wannan nawa ne.

Alhamis, 6 ga Maris
Jiri da safe. Ban rubuta a nasu ba.

Asabar, 15 ga Maris
Na yi abin kunya. Ina shara na ga ƙura ta hau na'urar. Kayan mutane, amana ce. Na lulluɓe ta da ƙyalle mai tsabta, yadda nake yi wa keken ɗinkina. Ashe makantar da ita na yi! Waya kuma na manta ta cikin jaka.

Tafiyar awa uku Auta ta yi, da cikin wata bakwai. Ta faɗo ɗaki tana haki, ta tarar ina yanke farce.

"Umma, kashe ni za ki yi?"

Da ta ga ƙyallen ta yi ta dariya, har dariyar ta koma kuka. Mai tabarau ta ce a waya, "Laifinmu ne, Mama, ba mu taɓa tunanin za a yi wa na'ura mayafi ba."

Lahadi, 16 ga Maris
Kafin ta tafi ta sauko da akwatina, ta ajiye bakin gado. Ƙafafunta duk sun kumbura. Ni na jawo.

Laraba, 26 ga Maris
Jirin ya zaunar da ni a ƙasan kicin. Na daɗe ina kallon maɓallin. In na danna, akwati. In ban danna ba, wata rana Auta ce za ta tarar da ni a haka.

Na danna. Maƙwabciya ta zo ta ɗaga ni. Na rubuta a nasu, da jirin ran shida ga wata.

Akwatin yana nan. Zane biyu na saka ciki, da magunguna. Na zuwa haihuwar Auta ne kawai.